Sakin Takarda

Ƙamshin soyayyiyar albasa ne ya tarye ta tun daga bakin lif. Tahiratu ta tsaya a ƙofar gidansu, hawa na biyar a ɗaya daga cikin jajayen benayen Parkchester, da ƙaramin kwali rungume a ƙirjinta. Makulli na hannunta, amma ta daɗe ba ta saka shi ba. Daga ciki tana jiyo mijinta yana bin ƙira'a a waya, yana ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya.

Da ta tura ƙofa, Abdul-Jalil ya leƙo daga kicin da tawul rataye a kafaɗa.

"Injiniya! Ke ce? Ko azahar ba a yi ba! Ko ƙamshin shiton nan, soyayyen yajinmu na gida, shi ne ya hau jirgin ƙasa har Manhattan ya ɗauko ki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwalin a kan tebur. Ya matso ya duba: kofin shayinta, dardumar da take salla a ofis, da baƙar suwaita. Ya ɗago ya kalle ta.

"Ticha," ta ce, "an sallame ni."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Me kika yi musu?"

"Ban yi komai ba. An sayar da kamfanin ne. Waɗanda suka saya suna da nasu masu rubuta manhaja. Duk sashenmu aka tara a ɗaki ɗaya, aka ce an gode. Kafin in koma teburina an rufe mini kwamfuta."

Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata. Ya kashe murhu, ya zaunar da ita, ya riƙe hannayenta duka biyu.

"Ya isa, ya isa. Aiki ne fa, ba rai ba. Ke da kamfanoni ke rububi?"

"Ba aikin kaɗai ba ne, ka sani. Kwana sittin suka ce. In ban samu wani kamfanin da zai shigar mini da takardu ba, dole mu fita daga ƙasar."

Ya sani. Zamansu gaba ɗaya a Amurka a kan aikin nan ya rataya. Tahiratu 'yar Aboabo ce ta Kumasi, ta zo karatun digiri na biyu a kan kwamfuta, ta gama, wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ta ya nemar mata bizar aiki. A hutunta na farko ta koma gida aka ɗaura musu aure da Abdul-Jalil, malamin lissafi a wata sakandare, wanda tun tana aji uku yake tare ta a hanyar Islamiyya. Ya biyo ta da bizar rakiya. Ita kuwa wannan biza, zama kawai ta yarda masa. In ya kama ko aikin ɗaukar kwali ne a shago, ya karya doka, kuma laifin zai shafe su duka. Shekara uku ke nan malamin da ya saba tsayawa gaban ɗalibai yana wanki, yana cefane, yana girki, yana jiran ƙarfe bakwai ta dawo.

"Za ki samu," ya ce. "Wata biyu ai da yawa. Tashi ki ci abinci."

Ashe wata biyu ba su da yawa.

Tahiratu ba mace ce mai zama ta rafka tagumi ba. Washegari bayan asuba ta buɗe laftof, ta gyara takardar tarihin aikinta, ta fara aikawa. Da safe neman aiki, da rana bitar irin tambayoyin da ake yi a intabiyu, da yamma kiran tsofaffin abokan karatu. Abdul-Jalil ya zama mai jarrabawa: ya zauna gabanta da agogo, ya karanto tambaya, ita kuma ta warware a kan allon da ya manna a bango.

"Kin yi daidai, amma rubutunki kamar na kaza. Da a ajina kike sai na rage miki maki biyu!"

"Ka rage goma ma, Ticha, in dai za ka ɗauke ni aiki."

Kira yana zuwa, ba wai ba ya zuwa ba. Za a gaisa da fara'a, a yaba ƙwarewarta, a ce irinta ake nema. Sai a zo tambaya ta ƙarshe: shin za ki buƙaci kamfani ya tsaya miki a kan biza? Da ta ce e, sai muryar ta huce kamar shayin da aka manta. Wasu su ce za su kira. Wasu su ce ƙarshen shekara ne, an rufe ɗaukar ma'aikata sai bayan Kirsimeti. Wata baturiya ma har haƙuri ta ba ta, ta ce lauyoyinsu ba sa gaggawa.

Nuwamba ta shigo da sanyinta. Tahiratu ta rame, idanunta suka zurma. Ko ƙarar shigowar imel ta ji sai gabanta ya faɗi. Barkwancin Ticha ya fara raguwa, har ya zama sai ya aje mata abinci kawai ya koma bakin taga yana kallon masu tafiya aiki.

Ana cikin haka Yaya Gafaru ya aiko su zo cin abinci ranar Lahadi.

Alhaji Gafaru shi ne babban wan Abdul-Jalil, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya haura shekara ashirin a Bronx, yana da shagon kayan abincin gida a Morris Heights, kuma duk wani ɗan zango da ya sauka New York sai ya je ya gaishe shi. Tun zuwan ƙanensa bai taɓa ɓoye cewa zaman nan bai yi masa ba. "Mai gadin tukunya" yake kiransa, a gaban mutane, ana dariya.

Ranar kuwa bai yi tsokana ba. Matarsa Hajiya Hussaina ta zuba musu tuwon zafi da miyar ayoyo, ta riƙa tura wa Tahiratu nama tana cewa, "Ci, ƙanwata, kin zama kamar tsinke." Sai da aka wanke hannu Alhaji ya gyara zama, ya rage ƙarar talabijin.

"Tahiratu, saura nawa?"

"Kamar mako huɗu, Yaya Alhaji."

"An samu wani abu?"

"Ana dai ta nema."

"Wato ba a samu ba." Ya girgiza kai. "To ku saurara. Ni ban yi boko ba, amma na san ƙasar nan kafin ku san hanyar filin jirgi. Akwai mafita. 'Yar ƙanwar Hajiya, Muniratu, a nan aka haife ta, fasfonta shuɗi ne. Mun yi magana da ita, ta yarda ta taimaka. Abdul-Jalil zai sake ki a kotu — tsaya, bari in gama! — a takarda kawai. Ke ki koma gida kafin lokacinki ya cika. Shi ya tsaya, su yi rajista da Muniratu, ya samu girin-kad, katin zama na dindindin, ya fara aiki kamar kowane namiji. In komai ya daidaita, su rabu, ya aiko miki. Shi ke nan."

Tahiratu ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara. Ta juya ta kalli mijinta, tana jiran ya yi dariya ko ya miƙe. Kansa na sunkuye, yana murza yatsunsa.

"Yaya Alhaji," ta ce a hankali, "saki fa ka ce."

"Sakin bature! Igiyar aurenku a masallacin Aboabo aka ɗaura ta, alƙalin New York me ya sani a kanta? Tawada ce kawai. A wurin Allah matarsa ce ke, a wurinmu ma haka."

"Shekara nawa zan jira?"

"Huɗu, biyar. Ya danganta."

"Ni tara na yi," in ji Hajiya Hussaina, tana tattara kwanuka ba tare da ta kalli kowa ba. "Tara cur ina Kumasi. Ga ni nan, ban mutu ba."

"Kin ji ko!" Alhaji ya tafa hannu. "Haka kowa ya yi. Ke kin yi naki ƙoƙarin, kin kawo shi, Allah ya saka miki. Yanzu jirginki ya tsaya, kar ki hana shi hawa wani. Ko so kike ku koma hannu rabbana, a ce ɗan Mma ya je Amurka ya yi shekara uku yana daka tattasai ya dawo?"

"Yaya, a ba mu lokaci mu yi shawara," Abdul-Jalil ya faɗa da ƙyar.

Shawara! Kalmar nan Tahiratu ta yi ta juyawa a ranta tun daga Morris Heights har gida. Suna shiga falo ta cire mayafi ta juyo.

"Shawarar me za mu yi, Ticha?"

"Tahira, yayana ne. Ba zan ce masa a'a a gaban matarsa kamar wani sa'ana ba."

"To yanzu ba ya nan. Ce mini a'a."

Kafin ya buɗe baki wayarsa ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Kumasi, daga Mma, mahaifiyarsa. Bai yi niyyar ta ji ba, amma hannunsa ya taɓa, muryar tsohuwar ta cika ɗakin, tana kuka.

"Abdul-Jalilu, yayanka ya gaya mini komai. Don Allah, don nonon da ka sha, ka bi maganarsa. Ƙannenka kai suke kallo. Na gaya wa duk unguwa ɗana yana Amurka — kar ka sa a nuna ni da baki. Ita Tahiratu ta zo ta zauna wurina, 'yata ce, ba abin da za ta rasa. Mace ai da haƙuri aka san ta..."

Ya kashe. Ya zauna a hannun kujera ya dafe kai.

"Kin ji dai."

"Na ji Mma. Kai nake so in ji."

"Me kike so in ce?" Muryarsa ta tashi, abin da bai taɓa yi mata ba. "Kin san yadda nake ji in na je masallaci ana tambayata, 'Ticha, ina kake aiki yanzu?' Kin san sau nawa na canza hanya don kar in haɗu da ɗaliban da na koyar, su suna tuƙa tasi suna aika wa iyayensu, ni ko katin jirgin ƙasa sai kin saya mini? Shekara uku, Tahira! Ban taɓa yi miki ƙorafi ba. Yau an nuna mini ƙofar da zan bi in zama mutum, kina so in ce ko kallonta ban yi ba? Na kalla! Wallahi na kalla!"

Hawaye suka zubo mata. Ba ta taɓa jin wannan daga bakinsa ba, kuma ta san gaskiya ya faɗa. Ta durƙusa a gabansa.

"Na sani. Wallahi na san abin da ka haɗiye saboda ni, kuma ban isa in biya ka ba. Amma ka saurare ni. Ni a Islamiyya aka koya mini saki ba abin wasa ba ne, ko da baki ko a rubuce. Kai ma tare muka yi karatun. Ban san wani sakin bature ba. Ranar da ka sa hannu, ranar zan fara ƙirga idda."

"Haba, Tahira! Niyya fa ake dubawa. Yaya ya ce ya tambayi wani malami..."

"Ya tambayi wanda zai gaya masa abin da yake so. To a bar maganar malamai. Ita Muniratun fa? Sai kun zauna gida ɗaya, ku yi hotuna, ku je gaban jami'i ku rantse kuna son juna. Shekara biyar kana kwana kana tashi cikin ƙarya, ni ina ɗakin Mma ina jiran waya. Wane mutum ne zai aiko mini a ƙarshe? Ni ban san shi ba."

"To mu koma mu ci me?"

"Abin da muke ci kafin mu zo."

"Magana ce mai sauƙi a bakin mai digiri biyu."

Wannan ta soke ta. Ta miƙe a hankali, ta share fuska.

"Gwamnatin ƙasar nan da ba ta san ni ba ta ba ni wata biyu. Kai kuma za ka ba ni wata uku na idda. Na gode, Ticha, ka fi su kirki."

Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Daga ranar gidan ya zama kamar ɗakin jiran asibiti. Suna gaisawa, suna salla, suna cin abinci, amma allon bango ya bushe ba mai rubutu a kai. Kullum sai Alhaji ya kira, kullum sai Mma ta aiko da saƙo. Har kawunsu na Tamale da bai taɓa neman su ba ya bugo ya yi nasiha a kan biyayya ga na gaba. Tahiratu ba ta gaya wa nata iyayen ba. Mahaifinta na fama da hawan jini, ta san labarin zai iya kwantar da shi.

Sauran fatanta ɗaya ne: wani kamfanin inshora a Brooklyn da ta kai zagaye na ƙarshe da su. Ta je da sassafe, ta yi awa huɗu ana yi mata tambayoyi, ta amsa duka. Manajan har rakiya ya yi mata zuwa lif yana cewa ta burge su. Ta dawo gida tana jin ƙafafunta ba nauyi. Bayan kwana uku, tana cikin jirgin ƙasa mai lamba shida za ta je ɗakin karatu, daidai inda jirgin ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa waya ta samu sabis, saƙonsu ya shigo. Suna son ta ƙwarai. Amma kasafinsu sai watan Fabrairu zai buɗe. In tana nan a lokacin, ta neme su.

Fabrairu! Ita da saura mako biyu.

Ba ta san ta wuce tasharta ba sai da jirgin ya tsaya a ƙarshen layi kowa ya fita. Ta zauna ita kaɗai tana kuka kamar ƙaramar yarinya, har mai shara ya zo ya tambaye ta ko lafiya. A kan bencin tashar nan, iska na yanka mata fuska, ta yi tunanin da ta daɗe tana gudu. Ita ta kawo shi. Ita ta zaunar da shi shekara uku. Yanzu ba ta da abin da za ta ba shi sai tikitin komawa. Da wane baki za ta ce ya bi ta? In ya bi ta don ta matsa, duk ranar da rayuwa ta yi tsanani a Kumasi zai kalle ta ya tuna ƙofar da ta rufe masa.

Ta koma gida ta same shi yana guga.

"Ba su ɗauke ni ba," ta ce. "Na daina jayayya. Gaya wa Yaya Alhaji ya sa rana. In ka sa hannu, zan sa. Ba zan yi maka kuka a gaban mutane ba, ba zan kai ƙararka wurin kowa ba. Abu ɗaya kawai: ba zan zauna wurin Mma ba. Gidanmu zan koma, don ni a wurina ya ƙare ke nan."

Ya tsaya da dutsen guga a hannu har rigar ta fara ƙauri.

Ranar Asabar da hantsi aka haɗu a bayan shagon Alhaji, wani ɗan ɗaki tsakanin buhunan gari da jarkokin manja. An kira Kwaku, wani mutumin Kumasi mai ofishin cike takardu a kan titin, wanda rabin auren unguwar da sakinta ta hannunsa suka bi. Ya zo da jaka da tabarau a kan hanci, yana Hausarsa ta kasuwa.

"Ba wahala, ba wahala. In miji da mata sun yarda, kotu ba ta tambaya da yawa. Maigida zai sa hannu a nan, madam a nan. Amma doka ta ce sai na karanta muku, don rantsuwa ce."

"Karanta da sauri, ina da kwastoma," in ji Alhaji.

Tahiratu na zaune a kan kujerar roba, hannayenta cikin aljihun kwat. Ba ta kalli mijinta ba. Ta kafa ido a kan wani buhun shinkafa tana karanta Hasbunallahu a zuci.

Kwaku ya karanta da Turanci, sannan ya fassara. "Wato kai Abdul-Jalil kana rantsuwa cewa zaman aure tsakaninka da wannan mata ya lalace, lalacewar da ba ta gyaruwa, tun aƙalla wata shida da suka wuce."

"Tun wata shida?" Abdul-Jalil ya tambaya.

"Haka dokar jihar nan take. Kowa haka yake rubutawa."

Alhaji ya miƙa masa biro. Ya karɓa. Tahiratu ta runtse ido, tana jiran ƙarar biro a kan takarda.

"Wata shida baya," ta ji ya ce, kamar mai magana da kansa, "azumi ake yi. Na kwanta da zazzaɓi mako guda. Yarinyar nan ta dawo daga aiki ta dafa mini kunu, ta zauna tana goga mini ruwa, da asuba ta tafi ofis ba ta runtsa ba. Shi ne zan ɗaga hannu in rantse a lokacin aurena ya mutu?"

"Kai, wa ya tambaye ka tarihi?" Alhaji ya daka masa tsawa. "Baki ne kawai! Sa hannu mu tashi!"

"Yaya, da sunan wa ake rantsuwar?"

"Na ce maka ta bature ce!"

"Allahn bature daban ne?"

"Abdul-Jalil! Ni kake mayar wa magana? Ni da na biya maka kuɗin makaranta?"

Abdul-Jalil ya ajiye biron a kan buhu. Ya zame daga kujera ya durƙusa a gaban wansa, kamar yadda ake yi a gida, hawaye na bin fuskarsa.

"Yaya, kai ubana ne tun rasuwar Baba. Ka ce in kwashe kashin shagon nan da hannuna, zan kwashe. Na san alheri kake nufina da shi. Wallahi har na shigo ɗakin nan ina da niyyar sa hannu, don na gaji da zaman banza, na gaji da kunya. Amma ba zan iya ba. Shekara uku matar nan tana fita cikin ƙanƙara tana ciyar da ni, ko sau ɗaya ba ta taɓa goranta mini ba. Yau da ƙafarta ta zame, shi ne zan sake ta in kama wata don in tsaya? In na yi haka, ko fasfo goma aka ba ni ban zama namiji ba. Tare muka zauna, tare za mu tafi."

"To tafi!" Alhaji ya miƙe yana huci. "Tafi ka ci alli a Kumasi! Mijin-ta-ce kawai! Kuma kar ka sake ka kira ni in yunwa ta kama ku. Mma kuwa kai za ka yi mata bayani!"

"Zan yi mata, Yaya. Allah ya huci zuciyarka."

Kwaku ya tattara takardunsa yana gunaguni a kan lokacin da aka ɓata masa. Abdul-Jalil ya miƙe ya juyo wurin Tahiratu. Ta yi alkawarin ba za ta yi kuka a gaban mutane ba, amma alkawarin ya gagara. Kuka take yi har da shessheƙa.

"Tashi mu je gida, Tahira," ya ce. "Ki yafe mini da na bari har muka zo nan."

A bakin titi, cikin sanyin da ke sa hanci zuba, ta riƙe hannun rigarsa.

"Ticha, ka tabbata? Ba ni da komai yanzu fa. Ba aiki, ba biza."

"Da na fara tare ki a hanyar Islamiyya biza gare ki? Silifas ɗinki ma ɗaya ya tsinke."

Ta fashe da dariya cikin kuka, har wata tsohuwa mai jiran bas ta juyo tana kallonsu.

Sun bar New York saura kwana kaɗan wa'adinta ya cika. Kayan ɗaki suka rabar, suka ɗauki akwati huɗu. Ba wanda ya raka su filin jirgi daga dangi.

Ba za a ce komawar ta yi daɗi ba. An yi gulma a Aboabo har ta ishi kowa; wasu suka ce koro su aka yi, wasu suka ce asiri ta yi masa. Mma ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwar Tahiratu sai da ka. Suka kama ɗaki biyu a gidan haya, wuta na ɗaukewa, ruwa sai an saya. Abdul-Jalil ya koma aji da albashin da bai kai kuɗin cefanen mako ɗaya a Bronx ba, amma ranar da ya dawo da farin alli a hannun rigarsa, Tahiratu ta ga fuskar da ta shekara uku ba ta gani ba. Ita ma ta sha zama kafin wani kamfanin biyan kuɗi ta waya a Accra ya ɗauke ta, daga baya ya ba ta shugabancin sashe.

Shekara na zagayowa ta haifi ɗa namiji. Mma da kanta ta zo wankan jego, ta ɗauki jaririn ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Da na samu yadda nake so, da wannan bai zo duniya ba. Ki yafe mini, 'yata." Ranar suna aka raɗa masa Gafaru. Da labari ya kai Morris Heights, Alhaji ya bugo waya, ya yi faɗan minti biyu a kan ba a sanar da shi da wuri ba, sannan ya sassauta murya ya ce a sa masa yaron ya ji kukansa.

'Yan'uwana matasa, musamman masu hangen ƙasashen waje: takardar zama abar nema ce, kuma ba laifi a neme ta ta hanyar gaskiya. Amma aure amana ce da aka ɗauka da sunan Allah, ba kaya ba ne da za a jingine a ɗauko in an samu sarari. Dangi na iya matsa maka da kuka da kyakkyawar niyya, su kuma yi kuskure. Ka girmama su, ka durƙusa musu, amma kar ka rantse da ƙarya don ka faranta musu. Aiki yana tafiya ya dawo, ƙasa ana barinta a samu wata. Mutumin da ya riƙe ka ranar da ba ka da komai, in ka sake shi, babu ofishin da zai sake buga maka irinsa.